Yara Talatin da Takwas da Kwamfuta Ta Ce Ba Su Zo Ba

Uwargida Magajiya Kefas,
Ma'aikaciyar Kwamfuta,
Gida mai lamba 9, Layin Masu Ɗinki,
Unguwar Kanawa, Kaduna.

Litinin, 4 ga Agusta, 1997.

Zuwa ga:
Mai Girma Babban Sakatare,
Ƙungiyar Makarantun Taimakon Kai da Kai ta Arewacin Kogi,
Unguwar Dosa, Kaduna.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: GOGEWAR MAKIN LISSAFI NA CIBIYAR KATABU, DA SHIRUN DA FUROGIRAM ƊIN HAƊA SAKAMAKO YA YI, DA KUMA DAKATAR DA NI DAGA AIKI

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina yi maka barka da dawowa daga jinyar da ka je Zariya, da fatan Allah ya ƙara sauƙi. Ni ce Magajiya Kefas, wadda ƙungiya ta ɗauka aiki a watan Maris na 1993 don kula da kwamfutar ofis da sakamakon jarrabawar shiga makarantun kwana.

Na san ƙa'ida ta ce takardar ƙaramin ma'aikaci ta bi ta hannun Mataimakin Sakatare, Malam Idi, kafin ta iso teburinka. Na bi wannan ƙa'ida har sau biyu, ranar 21 da ranar 25 ga Yuli, kuma har yau ban ga amsa ba, ban ma ji an ce takardun sun iso gare ka ba. Shi ya sa na kawo wannan da ƙafata. Idan hakan rashin ladabi ne, ina neman afuwa tun daga farko. Lokaci ne ya ƙure, domin ranar Juma'a, 15 ga Agusta, makarantun kwana guda biyu da suka ba ƙungiya gurabe sittin za su rufe rajistar ɗaukar ɗalibai.

Kafin in jero kokena, ina roƙon izini in bayyana yadda aikin yake tafiya, domin duk wanda aka ba labarin nan a gajarce, abin da yake ji kawai shi ne wai na ɓatar da makin yara. Makin kowa bai ɓata ba. Idan malamai masu duba takardu suka kawo maki, ni nake shigar da shi a ƙananan faya-fayan kwamfuta, kowace cibiyar jarrabawa da nata, cibiyoyi tara, faifai tara. Waɗannan su ne asali, kuma suna nan a akwatin ƙarfe na ofis har yanzu. Furogiram ɗin da ke haɗa sakamako ba ya aiki kai tsaye daga faifai, saboda karanta faifai yana da nawa. Sai ya kwafi abin da ke ciki ya ajiye a cikin kwamfuta, a wani wuri da kamfanin da ya kafa mana shi ya kira ma'ajiyar wucin gadi, daga nan yake ɗiba idan zai yi lissafi. Kamar dai mai girki ce da ke ɗibar gishiri daga buhu ta zuba a gwangwani kusa da murhu, don kada ta yi ta zarya zuwa ɗaki. Ga kokena:

1. An yi jarrabawa ranar Asabar, 14 ga Yuni, yara ɗari shida da goma sha biyu suka yi rajista, takardu uku: Lissafi, Turanci, da Gwajin Basira. Ranar Alhamis, 10 ga Yuli, na fara loda faya-fayan a furogiram, fanni bayan fanni kamar yadda tsarinsa yake. Na fara da Lissafi, kuma faifan Katabu na fara sakawa, don shi ne a saman akwati. Duk cibiyar da aka loda, furogiram yana sa mata alama a gefen sunanta a fuskar kwamfuta. Na gama Lissafi da Turanci na cibiyoyi tara, lokacin tashi ya yi, na bar takarda ta uku sai da safe.

2. Ranar Juma'a, 11 ga Yuli, da misalin ƙarfe tara na safe, Malam Idi ya aike ni kasuwa in sayo ribon na injin bugawa, domin wanda muke da shi ya dusashe. Ina can, Malam Inuwa, mai buga wasiƙun ofis, ya zauna zai buga takardar gayyatar shugabannin makarantu. Kwamfuta ta nuna masa wuri ya cika. A jikin bangon ɗakin, daidai kan kwamfutar, akwai takarda da Injiniya Yusha'u na kamfanin ya liƙa da rubutun hannunsa tun ranar da aka kafa furogiram, wadda ta ce idan wuri ya cika a danna maɓallin shara. Malam Inuwa ya danna. Aikin wannan maɓalli shi ne ya shiga ma'ajiyar wucin gadi ya goge fayil ɗin da ya fi daɗewa, har wuri ya samu. Fayil ɗin da ya fi daɗewa a ranar shi ne kwafin makin Lissafi na Katabu. Maɓallin bai tambaye shi ko ya tabbata ba, bai kuma faɗa masa abin da ya goge ba. Ina so a rubuta a fili cewa ban kawo ƙarar Malam Inuwa ba. Dattijo ne da ya yi wa ƙungiya aiki shekara goma sha ɗaya, kuma abin da aka rubuta masa a bango shi ya yi. Ni ma na danna maɓallin nan ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba a baya, Allah ne ya tsare.

3. Wannan shi ne babban kokena, kuma ina roƙon Mai Girma ya karanta shi a natse. Na dawo ƙarfe goma sha ɗaya, na duba fuskar kwamfuta, na ga alamar nan tana nan a gefen Katabu, Lissafi da Turanci, kamar yadda na bar ta jiya. Na loda takarda ta uku, na ba furogiram umarnin haɗa sakamako. Ya je neman makin Lissafi na Katabu, bai samu ba. Bai tsaya ba, bai yi ƙara ba, bai rubuta ko kalma ɗaya a fuskar kwamfuta ba. Sai kawai ya bi sunayen yara talatin da takwas ɗaya bayan ɗaya, ya rubuta wa kowanne alamar da ke nufin bai halarci jarrabawa ba, ya ci gaba da aikinsa. Dokar ƙungiya kuwa ita ce duk wanda bai rubuta takarda ɗaya ba, ba a sa shi a jerin cancanta. Ranka ya daɗe, wannan furogiram ɗin, idan takarda ta ƙare a injin bugawa, kuka yake yi kamar za a tsaga ɗaki, ba ya motsawa sai an sa masa wata. Ashe an koya masa ya damu da farar takarda, amma ba a koya masa ya damu da makin yara talatin da takwas ba. Faifan Katabu yana cikin akwati, tsakaninsa da kwamfutar bai kai taku uku ba. Da ya ce a sa faifan, da minti biyu sun isa.

4. Ba zan ɓoye nawa kason ba. Da aka buga sakamako, na lura jerin waɗanda ba su kammala ba ya kai mutum saba'in da tara, alhali bara arba'in da 'yan kai ne. Na ɗauki takardar na kai wa Malam Idi na nuna masa. Ya ce ai ranar jarrabawar an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya tun asuba, dole wasu su kasa fitowa, kuma shugabannin makarantu suna jira, in sa hannu a wuce. Jerin ba cibiya-cibiya furogiram yake buga shi ba, bisa harafin farko na suna yake jerawa, don haka yaran Katabu sun watsu a cikin sauran, ido ba zai kama ba. Duk da haka, zuciyata ba ta kwanta ba, kuma na sa hannu. Ya kamata in dage in ce sai na duba. Ban dage ba. Idan a kan wannan za a hukunta ni, na karɓa ba tare da gardama ba. Abin da ban karɓa ba shi ne a ɗora mini abin da ban yi ba, a rufe wanda ya kamata a gyara.

5. An liƙa sakamako a allon sanarwa ranar Litinin, 14 ga Yuli, aka kuma raba wa makarantu takardar kowane yaro mai hatimin ƙungiya. Ranar Laraba, 16 ga wata, shugaban cibiyar Katabu, Malam Bulus, ya iso ofis da rajistar halarta a hammata, kowane yaro da sa hannunsa a gaban Lissafi. Washegari na zauna na bi sawun abin har na gano yadda ya faru. Na ɗauko takardun maki na asali, na tara na yaran Katabu da biro da hannuna, sau biyu. Goma sha ɗaya daga cikinsu sun shiga cikin sittin na farko. Ɗaya ma, Sa'adatu Shu'aibu, ita ce ta huɗu a duk jarrabawar. Na kai wa Malam Idi wannan bayani a ranar, na roƙi awa biyu kacal in sake loda faifan in buga sakamako na gaskiya. Amsar da na samu ita ce takardar tuhuma ranar Juma'a, 18 ga wata, wadda ta ce na goge bayanan ofis saboda sakaci. Na amsa ta ranar 21. Ranar Talata, 22 ga wata, aka dakatar da ni, aka karɓi mabuɗin ɗakin kwamfuta, aka garƙame shi. Ban ga inda aka ambaci ko layi ɗaya daga amsata a takardar dakatarwar ba.

6. Ranar Alhamis, 24 ga Yuli, Injiniya Yusha'u ya zo, aka aika aka kira ni, aka buɗe ɗakin. A gabansa, da gaban Malam Idi da Malam Inuwa, na loda faifan gwaji, na danna maɓallin shara, na ba da umarnin haɗawa. Alama ta zauna daram a gefen cibiyar, furogiram ya yi shiru, ya buga wa duk yaran gwajin cewa ba su halarta ba. Na maimaita har sau uku, sau uku abu ɗaya. Injiniya bai musa ba. Cewa ya yi furogiram ɗinsu lafiyarsa ƙalau, don sunan wurin ma wucin gadi ne, kowa ya san abin da ke ciki yana iya tafiya kowane lokaci, kuma aikin ma'aikaci ne ya sake loda komai kafin ya haɗa sakamako. Na nuna masa ɗan littafin bayanin da suka ba mu, shafi goma sha biyu, na roƙe shi ya nuna mini layin da ya faɗi haka. Ya juya shafukan, ya rufe, ya ce wannan abu ne da duk wanda ya san kwamfuta ya sani. Ya ƙara da cewa aikina danna maɓalli ne, ba koya wa injiniyoyi aikinsu ba. Malam Idi ya yi dariya.

Gaskiya ne ni ba injiniya ba ce. Kwas na wata tara na yi, sauran kuma a kan kujerar nan na koya. Amma maganarsa da kanta ita ke ba shi rashin gaskiya. Idan wanda ya tsara furogiram ya san kwafin nan yana iya tafiya kowane lokaci, to shi ya fi kowa cancantar ya koya masa ya leƙa ya ga ko kwafin yana nan kafin ya ɗora lissafi a kansa. Alamar da ke gefen suna ba ta nuna fayil yana nan, tana nuna an taɓa loda shi ne kawai, amma babu wanda ya gaya mana haka, kuma duk mai ido zai ɗauke ta a matsayin shaida. A iya fahimtata, idan furogiram ya nemi kwafi ya rasa, hanya biyu ce gare shi. Ko dai ya ce a sa masa faifan asali ya sake kwafa, tunda don sauri kawai aka yi kwafin, ko kuma ya tsaya cik, ya rubuta sunan cibiya da fannin da ya rasa, ya ƙi buga komai sai an gyara. Hanya ta uku da ya bi, wato ya cike gurbin da abin da ya ga dama, ita ce ba ta halatta ba. Ban samu ba daban, bai zo ba daban. Na farko magana ce a kan furogiram, na biyu magana ce a kan ɗan mutane. Magatakardan da ya nemi fayil a kabad ya rasa, ya zauna ya rubuta cewa mai fayil ɗin bai taɓa zuwa ofis ba, na san ba zai kwana a aikin ƙungiyar nan ba.

Haka kuma maɓallin shara. Ban ce a cire shi ba, kwamfutarmu ƙarama ce, wasiƙu da sakamako duk a cikinta suke, dole a riƙa share ta. Amma mai shara ma idan ta ga takarda a kan tebur an danne ta da dutse, ta san ana aiki da ita, ba ta kwashewa. Me zai hana furogiram ya danne fayilolinsa haka, ya yi musu shaidar cewa aiki bai ƙare ba, shara ta tsallake su har sai an rufe sakamako? Idan kuwa ba makawa sai an goge, ya faɗi sunan abin da zai goge, ya jira a ce masa to, ya kuma cire alamar da ke gefen cibiyar. Kamfani ɗaya ne ya yi furogiram ɗin ya kuma yi maɓallin, amma kamar ba su san juna ba. Na faɗi duk wannan a gaban Injiniya. Ya ce za su duba, ya ɗauki jakarsa. Ba a rubuta komai ba, aka sake kulle ɗakin.

7. Tun da aka dakatar da ni, nakan zo in zauna a bencin baranda ko za a ce ga amsar takarduna. A nan na haɗu da Malam Shu'aibu, mahaifin Sa'adatu, ranar Litinin, 28 ga Yuli. Malamin allo ne a wata 'yar unguwa bayan Katabu, kuma 'yarsa ita kaɗai ce daga ƙaramar makarantarsu ta zauna jarrabawar, don haka da takardarta ta iso ba shi da wanda zai kwatanta da shi. Bai san ko ni wace ce ba, ya ba ni labari kamar yadda mutum ke ba abokin zaman benci. Ya ce da aka karanta masa cewa ba ta halarci Lissafi ba, ya kira ta ya tambaye ta inda ta tafi a ranar. Ta rantse ta rubuta, har ta faɗa masa tambayoyin da aka yi. Ya dubi takarda mai hatimi, ya dubi yarinya 'yar shekara goma sha biyu, ya gaskata takarda. A gaban ƙannenta ya ce mata maƙaryaciya. Kwana shida tana durƙusawa ta gaishe shi da safe yana kau da kai, sai da Malam Bulus ya bi gida-gida da rajista ya nuna masa sa hannunta. Ya ce shi mai koya wa yaran mutane tsoron ƙarya ne shekara ashirin, ga shi ya ɗora wa 'yarsa wadda ba ta yi ba. Ya nemi gafararta, ta ce ba komai, amma har yanzu idan ya shigo gida sai ta tashi ta koma ɗaki.

Ranka ya daɗe, wannan bawan Allah bai zo neman gurbin karatu ba. Ya ce gurbi na Allah ne. Abin da ya zo nema shi ne takarda ɗaya, mai hatimi irin na farko, da za ta ce Sa'adatu ta zo, don ya sa mata a hannu da kansa. Kwana uku a jere yana barin karatun ɗalibansa yana hawo mota daga Katabu, ranar 28, da 29, da 30. Kullum amsa ɗaya ake aiko masa, wai ana bincike. A rana ta uku na gaya masa ni ce na sa hannu a sakamakon. Na yi zaton zai tashi daga bencin. Bai tashi ba, ya ce in yi haƙuri, ya ga ni ma a waje nake. Ina da 'ya'ya uku, kuma ban san yadda ake rubuta irin wannan a takardar ofis ba, don haka na bar shi haka.

8. Ranar Juma'a, 1 ga Agusta, Malam Idi ya kira ni ofishinsa ya miƙo mini wata takarda da aka riga aka buga da sunana a ƙasa. Ta ce ni ce na goge fayil ɗin da kuskuren hannu, ina neman afuwa, kuma na yarda a rufe maganar. Ya ce idan na sa hannu, yau Litinin zan koma aiki da gargaɗi kawai, yaran Katabu kuma a ba su damar sake zama jarrabawa baɗi. Babu sunan furogiram a takardar, babu na kamfani. Ya yi mini magana a hankali, ba da faɗa ba. Ya ce in tuna yara goma sha ɗaya da za su sauka idan na Katabu suka hau, an riga an faɗa wa iyayensu, wasu sun ɗinka kayan makaranta sun sayi akwati, kuma a cikin iyayen akwai waɗanda ƙungiya ba za ta so ɓacin ransu ba. Ya ce zaman lafiya yake nema wa kowa, har da ni. Na fahimce shi, kuma na yarda waɗancan yaran ma ba su yi laifin komai ba. Amma idan na sa hannu, an ce hannuna ne ya yi kuskure, to babu abin gyarawa ke nan. Furogiram zai zauna yadda yake, takardar bango za ta zauna, baɗi wuri zai sake cika, wani zai sake danna maɓallin, kuma ba lallai a samu shugaban cibiya mai naci irin Malam Bulus ba. Ban ma san ko hakan ta taɓa faruwa a shekarun baya ba tare da kowa ya sani ba. Wannan tunani ya fi dakatarwar damuna.

Bisa ga abin da ya gabata, ina roƙon Mai Girma cikin ladabi:

(a) Ya ba da umarni a buɗe ɗakin kwamfuta cikin makon nan, a sake loda faya-fayan tara a gaban shaidun da ya zaɓa, a buga sakamako na gaskiya kafin 15 ga Agusta. Idan ba a amince da ni ba, wani ya yi, zan tsaya daga bakin ƙofa in faɗa masa abin da zai danna.

(b) A ba kowane ɗaya daga yara talatin da takwas sabuwar takarda mai hatimi, wanda ya ci da wanda bai ci ba, a kuma rubuta a jiki cewa ta farko kuskuren ofis ce.

(c) Mai Girma ya yi amfani da girmansa wajen shugabannin makarantun kwana guda biyun, ko za su ƙara gurabe goma sha ɗaya a bana, don kada a gyara wa wasu a ɓata wa wasu. Wannan ya fi ƙarfina, roƙo ne kawai.

(d) A rubuta wa kamfanin a hukumance, ba da baki ba, cewa ƙungiya ba za ta sake haɗa sakamako da furogiram ɗinsu ba sai ya iya duba kwafinsa kafin ya yi aiki da shi, ya nemi faifan asali idan ya rasa, ya tsaya ya yi magana idan bai samu ba, ya kuma hana shara taɓa abin da ake aiki da shi. A ƙara da cewa ya riƙa buga adadin waɗanda suka halarta a kowace cibiya a shafin farko, domin da an ga sifiri a gaban Katabu, ko makaho aka karanta wa zai ce a tsaya. Kafin su gyara, a cire takardar da ke bango. A kuma ciro faya-fayan shekaru uku da suka wuce a gwada su da sakamakon da aka buga.

(e) A sake duba dakatarwata, a hukunta ni a kan sa hannun da na yi ranar 11 ga Yuli idan an ga dama, a janye zargin goge bayanai.

Na haɗa da kwafin takarduna guda biyu na ranar 21 da 25 ga Yuli, da lissafin makin Katabu da na yi da hannu, da kwafin rajistar halarta da Malam Bulus ya ba ni. Na kuma haɗa da takardar amsa laifin da aka ba ni ranar Juma'a. Mai Girma zai ga na dawo da ita yadda aka ba ni. Ina bukatar aikin nan, maigidana ya yi ritaya, kuma na kwana biyu ina juya takardar kafin in yanke shawara. Amma sau ɗaya na sa hannu a kan abin da zuciyata ba ta yarda da shi ba, na kuma ga abin da ya haifar. Sa hannuna yana ƙasan wannan wasiƙa tawa kaɗai.

Ina jiran umarninka. Allah ya ƙara maka lafiya, ya ja zamaninka.

Ni ce mai biyayya gare ka,

Magajiya Kefas
Ma'aikaciyar Kwamfuta, wadda aka dakatar.